Riba a Hannu ko Riba a Kan Uwa



Duk mutumin da ya yi nufin sanya 'yan kuɗinsa a ɗaya daga cikin asusun nan na haɗakar jari, wato waɗanda ake tara dukiyar mutane masu yawa a cikinsu a danƙa wa masana su juya ta, ko ya tafi ofis cikin Maiduguri ya cike takarda da alƙalami, ko kuwa ya cike ta a kan wayarsa yana zaune a ƙofar gidansa a Zabarmari, to bayan ya rubuta sunansa da lambar BVN da sunan ɗan'uwan da za a nema in ta Allah ta kasance, zai tarar da wata gajeriyar tambaya can wajen ƙarshe, wadda galibin mutane ke tsallakewa da gaggawa ko su bar wa ma'aikaci ya amsa musu, alhali kuwa ita ce mai yanke abin da dukiyar za ta zama bayan shekara biyar ko goma. Tambayar ita ce: in riba ta samu, a aiko maka da ita cikin asusunka na banki, ko a mayar da ita kan uwar kuɗi ta ci gaba da juyawa? A kan wannan mas'ala sharhinmu na yau zai tsaya, domin amsar da aka fi ba ta an gina ta ne a kan wani zato wanda ba shi da tushe, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi cutuwa da shi.

Kafin mu kai can, ya kamata a san abin da ake saye. Mai sanya kuɗi a irin wannan asusu hannun jari ya saya a cikin wata dukiya ta tarayya, kuma darajar hannun nan tana hawa tana sauka gwargwadon yadda dukiyar ta yi albarka ko ta gamu da asara. Doka ta ɗora wa Hukumar SEC da ke Abuja alhakin yi wa kowane asusu rajista, ta kuma sharɗanta a raba aikin gida uku, da mai juya dukiyar, da bankin da ke ajiye ta, da amintaccen da ke sa ido a madadin masu ita, don kada hannu ɗaya ya riƙe mabuɗi da littafin lissafi gaba ɗaya. Da yawa daga cikin asusun da ke ƙasar nan da kuɗin ruwa suke aiki, musamman masu sayen takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci, kuma mai tsantseni ya san hukuncin waɗannan tun kafin ya tambaya. Amma akwai waɗanda aka kafa bisa ƙa'idar shari'a, kowanne da malaman da ke duba mu'amalarsa. Kamfanin Lotus Capital, wanda Hajara Adeola ta kafa a 2004, ya buɗe nasa a 2008, daga baya Stanbic IBTC ya fito da asusun Imaan, waɗansu kuma suka biyo da asusun da ke zuba kuɗi a sukuk da ijara da murabaha. A kan waɗannan nake magana, ko da yake lissafin da za mu yi ɗaya ne a ko'ina.

To, zaton da na ambata shi ne, mutane suna ɗaukar ribar da aka raba a matsayin ƙari, wani abu da ke sauka a kan abin da suka mallaka, har suna ganin wanda ya ce a bar masa tasa a ciki kamar ya yafe wani haƙƙi nasa. Mu ƙaddara, don misali kawai, Malam ya sanya Naira 100,000, aka ba shi hannu 1,000 a kan Naira 100 kowanne, maƙwabcinsa ma ya sanya daidai wannan. Shekara ta kewayo, Allah ya sa albarka, kowane hannu ya kai Naira 115, sai masu asusun suka sanar da rabon Naira 10 a kan kowane hannu. Malam, da yake ya zaɓi karɓa, sai wayarsa ta yi ƙara, ga alat na Naira 10,000, ya yi hamdala, ya shiga gida ya nuna wa iyali. Abin da alat ɗin bai gaya masa ba shi ne, a ranar da aka fitar da rabon, farashin kowane hannu ya sauko daga 115 zuwa 105, domin daga cikin dukiyar aka ɗebo kuɗin, kamfani bai zura hannu a aljihunsa ba. Saboda haka abin da ya rage wa Malam a ciki Naira 105,000 ne, in ka haɗa da dubu goman da ke hannunsa sun zama 115,000. Shi kuwa maƙwabci, wanda ya ce a mayar, an saya masa sababbin hannaye da tasa dubu goman, dukiyarsa tana nan 115,000 cif. A wannan rana babu wanda ya fi wani da ko kwabo. Abin da ya raba su kawai shi ne inda dubu goman ta kwana, kuma daga nan ne duk sauran bambanci zai tsiro.

Ba mu kaɗai wannan ruɗani ya kama ba. A ƙasar Indiya, inda miliyoyin ƙananan ma'aikata ke zuba kuɗi a irin waɗannan asusu kowane wata, kuma inda asusu kan zo da ƙofa biyu tun daga farko, da ta tarawa wadda ba a raba kome a cikinta sai dai farashin hannu ya yi ta hawa, da ta rabo, dillalai sun daɗe suna jan tsofaffi zuwa ta biyun da cewa tamkar albashi ce, har hukumar SEBI mai kula da kasuwar ta ga abin ya yi yawa, ta ba da umarni a watan Oktoba na 2020, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2021, cewa lalle a bayyana wa mai karɓa cewa wani sashe na abin da ake ba shi yana iya kasancewa daga uwar kuɗinsa aka yanko, kuma a rarrabe masa a takarda nawa ne amfanin da aka samu, nawa ne nasa aka mayar masa. A nan Nijeriya galibi asusu ɗaya ne, sai dai a tambaye ka abin da za a yi da rabonka, in ka ce a mayar sai adadin hannayenka ya ƙaru. Hanyar ta bambanta da ta Indiya, amma masaukin ɗaya ne.

Mu kuwa, in muka koma ga abin da muka gada, za mu tarar malamanmu sun warware wannan ƙulli tun da daɗewa, a babin da ake kira ƙiradi, wanda duk almajirin da ya durƙusa gaban malami a zaure ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid, ko ya kai ga Muhtasar na Shaihu Halilu, ya bi ta kansa. Surarsa ita ce mai dukiya ya miƙa kuɗi ga amili ya yi fatauci da su, bisa sharaɗin za su raba abin da aka samu da wani juzu'i sananne, rabi ko sulusi ko rubu'i, asara kuwa in ta auku ba da sakaci ba ta faɗa kan mai dukiya, shi amili wahalarsa ce ta tafi a banza. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, Allah ya ƙara musu yarda, waɗanda Abu Musal Ash'ari ya danƙa wa kuɗin baitulmali a Basra su kai Madina, suka sayi haja da su suka ci riba, aka ƙare da mayar da al'amarin ƙiradi, baitulmali ya karɓi uwa da rabin riba. Da irin wannan tsari ne attajirai suka riƙa sallamar ayari daga Kukawa, ya bi ta Bilma da Murzuk har ya kai Tarabulus, mai dukiya ya zauna yana jira wata da watanni, wani lokaci har shekara ta wuce bai ga ko wuri ɗaya ba. Asusun zamani galibi wakalci ne da lada, mai juyawa yana yankar wani ƙaramin kaso a shekara, amma ƙa'idar da fuƙaha'u suka kafa ta hau kansa daidai. Sun ce riba garkuwa ce ga uwar dukiya, ba a kiran wani abu riba sai uwa ta dawo cikakkiya. In aka faɗi a ciniki na farko aka samu a na biyu, sai an cike gurbin faɗuwar kafin a yi maganar rabo. Kuma Imamu Malik bai yarda amili ya ɗebi rabonsa ba sai an kawo dukiyar an ƙidaya ta a gaban mai ita.

Sun kuma ce in aka lamunce wa mai dukiya uwarsa, ko aka yanka masa wani adadi tabbatacce na riba tun kafin a yi ciniki, to ƙiradin ya ɓaci. Da an riƙe wannan hukunci shi kaɗai, da dubban mutane ba su faɗa hannun MMM ba, wadda ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata ta kuma rufe asusun mutane a Disamba 2016, ko CBEX wadda ta rushe a Afrilu 2025. Masu irin wannan damfara sun san babu abin da ke kwantar da hankalin mutum kamar ya ga kuɗi sun shigo wayarsa, shi ya sa suke gaggauta biyan rabon farko da na biyu daga kuɗin sababbin shiga. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadar musu ɗauri har na shekara goma, amma ɗauri ba ya mayar wa bazawara kuɗinta.

Manomin Zabarmari ba ya bukatar a karantar da shi abin da ke biyo baya. In ya yanke shinkafa ya buge ta ya ɗura shanshera a buhu, yakan fitar da zakka, ya sallami 'yan ƙwadago, ya ware na ci, ya sayar wa mata masu gumi abin da zai sayar, sa'an nan ya ɗinke bakin buhun iri ya jingine shi can ƙuryar ɗaki a kan itace don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi, kuma ya san sarai mudun da ya auna wa uwargida daga buhun nan ran da aka yi baƙi bai ƙara masa kome ba, ya dai rage faɗin abin da zai shuka baɗi. Haka ribar da aka mayar take, ita ma tana haihuwa. Mu ƙaddara asusun yana samun kashi 15 cikin ɗari kowace shekara, ko da yake a haƙiƙa babu asusun da ke tafiya a kan miƙaƙƙen layi haka. Wanda ke karɓar ribarsa duka zai samu Naira 15,000 a shekara, bayan shekara biyar ya karɓi 75,000, uwarsa tana nan 100,000, jimla 175,000. Wanda ya bari kuwa zai tashi da wajen 201,000. Tazarar ba ta da yawa tukuna. Amma a shekara ta goma na farko ya tsaya a 250,000, na biyu ya haura 404,000, domin a shekarun baya ribar da ke kan riba ta fi ribar da ke kan uwa yawa.

Sai dai a nan ne mas'alar ta yi tsanani a zamaninmu, domin magabata da dinari da dirhami suke ƙidaya uwa, mu kuwa da Naira muke ƙidayawa, ita kuwa Naira lambarta tana nan yadda take, abin da take saye ne ke zaizayewa. Ga abin da ya faru a gaban idonmu. A watan Satumba na 2017 Gwamnatin Tarayya, ta hannun ofishinta mai kula da basussuka, ta fitar da sukuk na farko na Naira biliyan 100, na tsawon shekara bakwai, da kuɗin haya na kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, don aikin hanyoyi 25, cikinsu har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Wanda ya sanya Naira 100,000 ya riƙa karɓar 16,470 kowace shekara, ana biyansa kashi biyu, kuma a 2024 aka mayar masa da dubu ɗarinsa cif, gwamnati ta cika alkawarinta. Amma a 2017 Dala tana wajen Naira 360 a kasuwa, buhun takin NPK kuma gwamnati ta ƙayyade shi a kan Naira 5,500, wato dubu ɗarin nan takan ɗauko buhu 18. Ran da aka mayar da ita kuwa, bayan cire tallafin man fetur da sakin Naira a 2023, Dala ta kai wajen 1,600, kuma da ƙyar kuɗin za su ɗauko buhu uku. Wanda ya cinye hayar nan duka shekara bakwai, yana zaton amfani yake ci, uwar yake ci bai sani ba, kuma bisa ma'aunin fuƙaha'un da muka ambata, mafi yawan abin da ya karɓa bai cancanci sunan riba ba, tun da uwar ba ta dawo da ƙarfinta ba. Da a ce ya samu inda zai riƙa mayar da hayar a kan wannan ƙima, da ya tashi da kusan 290,000, kuma gaskiya ta tilasta in faɗa cewa ita ma ba ta kai ƙarfin dubu ɗarin farko ba, sai dai tsakanin wanda ya rasa kaɗan da wanda ya rasa mafi yawa akwai tazara mai nisa. A Disamba 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan shekara, asusun da ya ba da kashi 15 bai ma riƙe uwa ba, balle a ce an ci riba.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ɗauka tarawa ba ta da hatsari. Abin da aka bari a ciki yana cikin kasuwa, kasuwa kuwa tana faɗuwa. Dattawa da yawa a Maiduguri da Kano suna tune da yadda aka yi rububin sayen hannun jarin bankuna bayan haɗe su da aka yi a 2005, da yadda ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000 a watan Maris na 2008, sa'an nan ya gangaro zuwa wajen 20,000 cikin shekara guda. Wanda ya karɓi rabonsa a shekarun daɗi ya sayi fili ko ya aurar da 'ya, ya tsira da wannan. Wanda ya mayar da kome ya ga uwa da riba sun zube tare. Saboda haka irin asusun yana da nauyi a cikin hukuncin. Asusun da ke sayen hannun jarin kamfanoni yana hawa da ƙarfi yana faɗuwa da ƙarfi, rabonsa ma wata shekara a samu wata a rasa, bai dace da kuɗin da za a nema nan da shekara biyu ba. Mai sukuk da ijara tafiyarsa a hankali take, rabonsa ya fi tabbata, amma shi ne hauhawar farashi ta fi ci.

To, wa ya kamata ya zaɓi me? Ra'ayina, kuma na tsaya a kansa, shi ne duk mai ƙarfi a jika wanda ke da wata hanyar ci, manomi ne ko malamin makaranta ko direba ko mai shago, ya ce a mayar. Dalili na farko shi ne ƙanƙantar abin da za a aiko masa. Ribar dubu ɗari in aka kasa ta duk wata uku ba ta kai Naira dubu huɗu ba, kuma kuɗi kamar wannan in suka shigo waya, tsakanin katin kira da ladan mai POS da cefanen yini biyu sun ƙare, ba a iya nuna abin da aka yi da su. Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi, wato bukatar manomi ba ta bin kalandar kamfani. Kamfani yana rabo ne duk wata uku ko wata shida ko shekara, shi kuwa manomin fadamar Jere kuɗi na ƙure masa ne a lokutan da ya sani, lokacin gyaran gona da taki, da lokacin man injin ban-ruwa ga mai noman rani, da lokacin girbi sa'ad da 'yan ƙwadago ke tsaye suna jiran haƙƙinsu, wanda kuma shi ne daidai lokacin da shanshera ta fi arha, dillalai sun cika gari suna saye a wulaƙance domin sun san mai gona a matse yake. Wanda ya bar dukiyarsa ta taru yana iya sayar da hannu ɗari ko ɗari biyu a wannan mako, kuɗin su iso shi cikin 'yan kwanakin aiki, ya sallami mutane, ya riƙe shinkafarsa har farashi ya ɗaga. Ya yi wa kansa rabo ke nan, a ranar da yake so, da adadin da yake so. Sai dai ya tambaya tun farko mene ne mafi ƙarancin lokacin da kuɗi za su zauna, domin yawancin asusu suna yankar wani abu daga ribar wanda ya fita da wuri.

Akwai kuma dalilin da mutanen wannan yanki suka fi kowa saninsa. Ranar 26 ga Fabrairu 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday ta Maiduguri, ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya shafe unguwannin Maiduguri da gonakin Jere, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. Wanda dukiyarsa duka tana cikin rumfa ko cikin fadama, dare ɗaya ya raba shi da ita. Amfanin ajiye wani abu a inda ruwa da wuta ba sa kaiwa shi ne a same shi da kauri a irin wannan rana, kaurin kuwa ba ya samuwa in ana tsakurarsa duk wata uku. Amma in yi togaciya a nan: rara nake nufi. Baiwar Allah da ke turara shinkafa a rabin ganga tun asuba, ta shanya ta a kan tamfol, ta kai inji a casa, ta sayar ta sake saro wata, jarinta yana juyawa sau da yawa a wata guda, kuma babu asusun da zai ba ta abin da hannunta ke ba ta. Kada ta taɓa jarin nan. Haka wanda ake bi bashi, ya fara saukewa.

Akwai kuwa waɗanda karɓa ta fi musu maslaha, kuma ba zan ambace su ba sai da nauyin zuciya. Ranar Asabar 28 ga Nuwamba 2020 aka kashe masu girbin shinkafa a Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin sahu. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Kowannensu ya bar wani a baya, mata ko 'ya'ya ko tsohuwa, kuma kafinsu da bayansu fitinar da ta ci rayukansu ta bar gidaje masu yawa babu mai fita nema. Matar da ta samu tumuninta na gado, ko wani tallafi ya zo mata a dunƙule, ko dattijon da aka biya kuɗin sallama bayan shekara talatin da biyar yana aiki, waɗannan ba su da wani girbi da suke jira, dukiyar nan ita ce gonarsu, kuma ba a ce wa mai jin yunwa ya jira shekara goma. Su rabo mai zuwa a kan lokaci sananne yana da fa'ida biyu, yana ciyar da gida, yana kuma tsare uwar daga hannu, domin wadda ta saba jiran rabonta ba ta saurin sayar da hannaye in ɗan'uwa ya zo da kuka ko biki ya taso. Su nemi asusun sukuk da ijara, su ce a aiko. Amma ina roƙonku, iyayenmu, in da hali ko yaya, kada a cinye rabon duka. A ci kashi biyu, a mayar da na uku a sayi sababbin hannaye, domin in ba haka ba dubu ɗarin da ke ciyar da gida bana, nan da shekara biyar lambarta ce kawai za ta rage.

Batun zakka kuma yana tattare da zaɓin nan ta wata fuska da ake mantawa. A mazhabarmu riba tana bin shekarar uwa, ba a buɗe mata sabon lissafi, kuma in abin da mutum ya mallaka na kuɗi, har da wanda ke cikin asusun, ya kai nisabi, wato ƙimar dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, wanda a yau miliyoyin Naira ne, to rubu'ul ushuri ya wajaba, kashi biyu da rabi cikin ɗari. Mai karɓar rabo yana da abin fitarwa a hannu. Mai tarawa kuwa babu alat da zai tuna masa, shi ne zai riƙe watansa, ya duba farashin hannu a ranar, ya fitar daga wani aljihu ko ya sayar da 'yan hannaye. Malaman zamani sun yi saɓani a kan yadda ake ƙiyasta hannun jarin da aka saya don dogon zama, suna waiwayar bambancin da Malikawa suka yi tsakanin ɗan kasuwa mudiri, mai juya hajarsa kullum, da muhtakiri, mai riƙe ta har kasuwa ta tashi, saboda haka wanda dukiyarsa ta kai ya zauna da malaminsa da takardar asusun a hannu. Ya kuma tambayi kamfanin game da tsarkakewa, domin kamfanonin da ake sayen hannun jarinsu ba sa rasa ɗan abin da ya shigo musu ta kuɗin ruwa, kuma hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta iyakance shi kada ya wuce kashi biyar cikin ɗari na abin da suke samu, a kuma fitar da shi a bayar. Wani asusu yana fitarwa da kansa, wani yana sanar da adadin ya bar wa mai hannu, kuma wanda ya ce a mayar masa da riba bai kuɓuta daga wannan ba don kuɗin ba su biyo ta wayarsa ba.

Saura dukiyar maraya, wadda ita ce mafi nauyin duka. Muwaɗɗa ta ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a riƙa juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan ba da dukiyar marayun da ke hannunta ga masu fatauci. Wasiyyin da ya naɗe kuɗin yaro a leda ya tura ƙarƙashin katifa shekara goma sha biyar yana ganin ya riƙe amana, to a wannan zamani ya bar ta ta narke ne a hannunsa. Shekarun yaron su ne za su amsa tambayar takardar. In ɗan shekara uku ne kuma akwai mai ciyar da shi, a ce a mayar, domin babu wanda tsawon lokaci ke yi wa aiki kamarsa. In kuwa ci da tufafi da kuɗin makaranta daga dukiyar za su fito, a ce a aiko, a kashe gwargwadon bukata bil ma'arufi, a mayar da saura. Amsar kuma ba aure ba ce, galibin kamfanoni suna barin mai hannu ya sauya ta da rubutacciyar sanarwa in hali ya sauya. A buɗe asusun da sunan yaron, wasiyyi ya sa hannu a madadinsa, kada a gwama da nasa ko da niyyar rabawa daga baya. Sau ɗaya a shekara ya karɓo takardar lissafi, ya zaunar da mutum guda daga dangin uba da guda daga dangin uwa, a karanta musu adadin hannaye da farashinsu da abin da aka fitar da dalilin fitarwa, su sa hannu, a ajiye takardun wuri ɗaya har ranar da yaro zai kai rushudi a miƙa masa dukiyarsa a gaban shaidu.